Zaɓe ya hana ni barci, ga jarrabawa a gaba

Ɗaliba: Salam 'yan uwa. Ina aji huɗu, ni ce admin ɗin gurup ɗin ajinmu na WhatsApp, mu 140. Tun da aka fara maganar zaɓe kullum zagi, masu jar hula da 'yan adawarsu, har wadda muke ɗaki ɗaya ta daina gaishe ni. Kuma ina son yin aikin wucin gadi na hukumar zaɓe INEC, Baba bai sani ba. Sai ƙarfe uku nake barci, gabana yana ta faɗuwa. Ya zan yi?

Malamin jami'a: 'Yata, fara da gurup ɗin. Shiga saitin ki mayar admin kaɗai ke tura saƙo daga isha'i zuwa safe. Labarai sau biyu a rana, minti 15 kowanne. Ba shayi ba kofi bayan la'asar. In gaban ya faɗi, ja numfashi ki ƙirga 4, ki sake shi a hankali ki ƙirga 6, na minti biyar. Aikin kuwa ki haƙura. A Kano, a 2019 rikicin mazaɓar Gama ya kai zaɓen gwamna zagaye na biyu, a 2023 sai da aka sa dokar hana fita bayan sanar da sakamako.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam, a bar yarinya ta yi. Tashin hankalin ya fi zuwa ne lokacin ƙirga, bayan an rufe layi da 2:30 na rana. Ƙanwata, ƙirga da ƙarfi a gaban ejan-ejan ɗin jam'iyyu, su sa hannu a takardar sakamako ta EC8A, a ɗauki hotonta da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, a liƙa sakamako a rumfa. Amma kar ki sayi ƙwayar barci a kemis. In rashin barcin ya kai sati biyu, ki je asibitin makaranta.

Ɗan aji uku: Ku kuna ta numfashi. A 2023 an rufe jami'o'i sati uku saboda zaɓe, bayan yajin aikin malaman jami'a na wata takwas. Wa ya tambayi halin da ɗalibai suka shiga?

Ɗaliba: In na rufe gurup za su ce ɓangare na ɗauka. Kuma da kuɗin aikin zan buga furojet ɗina.

Malamin jami'a: To naɗa admin biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Amma maganar Baba fa? A cibiyar RAC, inda ake tara ma'aikatan zaɓe da kayan aiki, ake kwana daren jajibiri, ina za ki ce masa kin tafi?

Ɗaliba: Malam, ai da saura lokaci.