Fili a Tumfure: maganar baki ta isa ko sai an rubuta yarjejeniya?

Ɗan Bolari: Salamu alaikum jama'a. Aminin Bappana ne zai sayar min da rabin fuloti a Tumfure. Na ba da kafin alƙalami ranar Talata, cikon sai ƙarshen wata. Da na ce mu rubuta yarjejeniya sai dattijon ya ɓata rai, wai shi da mahaifina allo ɗaya suka wanke, alkawarinsa ya ishe ni. To mene ne bambancin alkawari da yarjejeniya? In na dage sai an rubuta, na yi rashin kunya?

Abban Sadiq: Ka fara zuwa ka ga wurin da damina. Kwari ya cinye gidajen mutane da yawa a garin nan.

Malam na Pantami: Ɗana, alkawari mutum ɗaya ma yana iya ɗauka, ya cika ko ya saɓa. Yarjejeniya kuwa sai da mutum biyu ko fiye. Daga "yarda" ta fito: ka yarje min, na yarje maka, kamar yadda "gudu" ke komawa "guje". Ƙirarta ɗaya da turereniya, kowa na ture kowa. Sharaɗi da sulhu daga Larabci muka aro su, kwangila daga Turanci, amma wannan tamu ce ta gado. Batun kunya kuma, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Cikon kuɗin nan bashi ne a kanka. Ka ce masa don kare haƙƙinsa kake so a rubuta.

Adda ta Jekadafari: Hmm. Mu da muka rubuta ma me ta tsinana mana? Marigayi maigidana ya sayi gona wajen Kwadon, takarda har da dangwalen yatsa da shaidu biyu. Shekara shida muna noma ta. Ko arba'in ɗinsa ba a yi ba sai ga mutum huɗu, wai gonar gado ce, yayansu ya sayar ba da saninsu ba. Shaida ɗaya ya rasu, ɗayan ya ce shi shayi kawai ya sha a wurin. Na sayar da awakina da keken ɗinkina ina zaryar kotu da goyo a baya. Daga ƙarshe aka ce rabon wanda ya sa hannu kaɗai muka saya. Abin da ya rage mana ko akuya ka ɗaure sai ta ci na maƙwabci. Wanda ya sayar ɗin har yau in mun haɗu a kasuwa sai ya ce min "Hajiya ya yara?"

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya saka miki Adda.

Malam na Pantami: Kin ga abin da nake faɗa ke nan, Hajiya. Huɗu ba su yarda ba, ina yarjejeniya a nan?

Adda ta Jekadafari: Malam, a lokacin ba nahawu nake nema ba, gona nake nema.

Sarkin Zolaya: Gwamnatin tarayya da ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ma rubutacciya suka yi a 2009, aka zo aka yi yajin aikin wata 8 a 2022. Ɗan Bolari ka kawo cikon in ajiye maka, ni ko biro ba na buƙata.

Abban Sadiq: Ka je wurin lauya kawai. Ni dubu 20 na biya bara.

Baban Gida: Wane lauyan? Ni kashi 10 cikin 100 na kuɗin filin aka nema, da ƙyar muka daidaita a 5. Mai unguwa ya sa maka hannu da hatimi, ka ba da goro, shi ke nan.

Ɗalibar Shari'a: Baba, a yi haƙuri, hatimin mai unguwa shaida ce kawai. A dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma yarjejeniyar ciniki daban, takardar mallaka daban. Ɗan Bolari ya fara bincika ko filin na da fayil a ofishin filaye na gwamnati, kuma in gado ne duk magada su sa hannu.

Baban Gida: 'Yata, fili nawa kika taɓa saya? Ni na sayi bakwai tun Gombe tana ƙarƙashin Bauchi, kafin 1996.

Ɗalibar Shari'a: Ko ɗaya, Baba. Amma na Adda ma ai da shaidu aka yi.

Maman Ilham: Ni duk dillalai ne matsalar. Na kama hayar shago, dillali ya karɓi la'ada a wurina, ya zagaya ya karɓa wurin mai shago, ga kuɗin "duba wuri" tun kafin in ga ƙofar.

Dillalin Tudun Wada: Hajiya ban da jam'u. Kwana nawa muke yawo a rana kafin ciniki ɗaya ya faɗa? Wasu ma da sun ga mai gida sai su zagaye mu.

Maman Ilham: To wa ya yanka muku la'adar? Da wa kuka yi yarjejeniyar?

Ɗan Bolari: Jama'a ni fa filin nan ba dillali a ciki. Yanzu Bappa ya kira ni, wai in same shi bayan la'asar, dattijon ya kai ƙarata.

Sarkin Zolaya: Ka tafi da biro a aljihu.