Sifektiram: bakan gizo ne, ko gona ce ake rabawa?

Shekaranjiya bayan isha'i ɗiyar yayata, wadda ke fassara labarai a wani gidan rediyo nan Katsina, ta bugo mini waya. "Kawu, mi ake ce ma sifektiram da Hausa? Labarin NCC ne, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya." Na ce ta ba ni dare ɗaya, dare ya zama biyu. Jiya na jefa muku tambayar a nan tare da shawarata, wasunku sun yi martani. Ga inda na kwana, masu iyawa ku gyara mini.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne bakan gizo, don a wajen masu nazarin haske kalmar na nufin launukan nan da ke jere daga ja zuwa shunayya. A ajin kimiyya ba laifi. Amma ku gwada ta a labaran safe: "Gwamnati ta yi gwanjon bakan gizo." Mai shayi a Ƙofar Ƙaura sai ya ajiye buta ya tambaya ko lafiya.

Ashe ma rabin kalmar na hannunmu tun zamanin kakanni. Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa rediyo da asuba ya san "mita 25 da 31 a gajeren zango", ya san Kaduna a kan mita 49. Mitar nan tsawon igiyar rediyo ɗaya ce. Ka raba 300 da ita, sai ta ba ka megahaz, wato ma'aunin saurin kaɗawar igiyar: mita 25 ta faɗa wajen 12, mita 49 ta faɗa 6 da 'yan kai. Wayar da ke aljihunka in tana kan megahaz 900, igiyarta sulusin mita ce kawai. Wanda ya fara cewa "zango" kuwa, Allah Ya saka masa. Zango masaukin fatake ne, kuma shi ne tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Yanki ne mai farko da ƙarshe. To sifektiram shi ne dukkan zangunan nan a haɗe, har zuwa gigahaz 3,000 (gigahaz ɗaya megahaz dubu ne) inda ƙungiyar sadarwa ta duniya ITU ta kafa iyaka. Sunan wannan tarin ne ba mu da shi.

Ni shawarata: gandun zango. Dalili kuwa yana cikin tarihin abin, don tun farkonsa rigimar fili ce.

Da rediyo ya fito, kowa shuka yake inda ya ga dama. A taron Balin na 1906 aka amince da SOS, alamar neman ɗauki, aka kuma tsayar da mita 600 ga jiragen ruwa. Da jirgin Titanic ya nutse a Afrilun 1912, Amurka ta kafa dokar dole sai da lasisi, ta kora masu rediyon sha'awa zuwa ƙasa da mita 200, inda a lokacin ake ganin fako ne, ba ya fid da komai. Daga baya aka gane nan ne gajeren zango yake, mai tsallaka teku. Taron Washinton na 1927 ya zana jadawalin rabo: nan na jiragen ruwa, nan na gidajen rediyo, nan na wane.

Abin da ya fi burge ni a wancan zamani shi ne ɗabi'ar mita 600. Sau biyu a kowace awa, da kwata da kuma saura kwata, duk masu aika saƙo sai su yi tsit na minti uku, ko akwai jirgin da ke neman ɗauki da 'yar siririyar murya. Har agogon ɗakin rediyo ana shafa wa wuraren jan fenti. Wato kafin a yanka wa kowa gona, hanyar ceto aka fara fitarwa. Mu a nan mun san sunan irin wannan hanya: burtali. Ba na kowa ba ne, kuma wanda ya nome shi ya jawo wa gari fitina. Don haka zangon da aka keɓe wa 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da motocin ɗaukar marasa lafiya, ni burtalin agaji zan ce masa.

'Yan sandan Detroit a Amurka sun sa rediyo a motocin sintiri a 1928, amma ji kawai suke, ba halin mayar da magana. A 1933 na garin Bayonne suka samu mai kai da komowa, kakan oba-oba ke nan. Waya cikin mota ta fara a St. Louis a 1946, sai dai filin ɗan tsito ne: a 1976 duk faɗin New York layuka 12 ne, mutane dubbai na jiran a sa su. Mafita biyu aka samu. Ta farko ƙwace: a 1970 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta karɓe tashoshin talabijin na 70 zuwa 83, wato megahaz 806 zuwa 890, ta miƙa wa masu sadarwar tafi-da-gidanka. Ta biyu dabara: a rage ƙarfin kowace eriya, a maimaita zango ɗaya a wurare masu tazara, kamar yadda kasuwanni biyu masu nisa kan ci rana ɗaya ba wadda ta kashe wa wata ciniki. A kan haka Chicago ta buɗe wayar salula a 1983. Turai ta ware zangon megahaz 900 ga GSM a 1987, shi muka gada.

Sai kuɗi ya shigo. New Zealand ta fara gwanjo a 1990, Amurka a 1994. Namu ya zo a Janairun 2001 a Abuja, lasisi ɗaya dala miliyan 285, MTN da Econet suka biya, aka fara kira a Agustan shekarar. A Disamban 2021 MTN da Mafab kowanne ya ɗauki megahaz 100 a zangon gigahaz 3.5 na 5G, a kan dala miliyan 273.6, na shekara 10.

Ku lura da "na shekara 10". A nan ne gandu ya fi kowace kalma dacewa. Gandu na gida ne gaba ɗaya, maigida ke riƙe da shi, ya yanka wa kowa gayauna ya noma, amma ƙasar ba ta fita daga gidan. Haka abin yake a dokar sadarwa ta 2003: akwai majalisar rabon zango da ministan sadarwa ke shugabanta, NCC na yanka wa kamfanonin waya, NBC na kula da gidajen rediyo da talabijin. Abin da kamfani ya biya wa kuɗi gayauna ce mai wa'adi. Saboda haka masu fassara, don Allah a daina cewa "an sayar". Haya aka bayar.

In siginar wani ta faɗa cikin ta wani kuwa, ba sai mun wahala ba: an shiga gona, an yi ɓarna. Ya taɓa faruwa a Amurka, inda aka cakuɗa gayaunin kamfanin Nextel da na 'yan sanda a megahaz 800, oba-oba ta riƙa mutuwa kusa da eriyoyin kamfanin, har a 2004 aka ba da umarnin sake rabon. Ranar 11 ga Satumban 2001 ma 'yan sanda da 'yan kwana-kwana a New York sun kasa jin juna yadda ya kamata, abin da ya kai ga dokar 2012 wadda ta kafa FirstNet, burtalin masu agajin gaggawa na Amurka, mai faɗin megahaz 20 a zangon 700. Turawan Turai nasu burtalin na tsakanin megahaz 380 da 400.

Mu Katsinawa ba sai an kai mu New York ba. A Satumban 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Lambar gaggawa 112 a kan eriyoyin kamfanoni take tafiya, in an kashe su ta tafi tare da su. Mai haihuwa da mai neman ɗauki duk gayaunar wasu suke ratsawa.

Na ga martaninku tun jiya. Malamin da ya ce "sarari", na gode, amma sararin samaniya ya riga ya cinye kalmar. "Gandun iska" ban so ba: igiyar rediyo ba ta buƙatar iska, ga shi kuma kalmar na da wasu 'yan'uwa marasa mutunci. "Gandun mita" za a zaci ta wuta ce. Wani ɗan Daura ya ce in aka karanta "gwanjon gandun zango", mutanen garin Zango za su yi sammako sakatariya su ji gonar wa aka taɓa. Na yi dariya, amma shekara nawa ana cewa gajeren zango ba wanda ya ce garinsu aka rage wa tsawo?

Suka biyu ne suka tsaya mini a rai. Wata Hajiya ta ce mun karɓi rediyo da intanet ba gardama, a bar sifektiram ya zauna. Ranki ya daɗe, rediyo ana ganin sa, intanet ana taɓa ta a waya. Wannan ba mai ganin sa, in sunan bai ɗauko hoto ba mai sauraro ya tashi a tutar babu. Ɗayan kuma wani tsohon injiniyan gidan rediyo ne, ya ce gona tana gajiya, a bar ta ta huta, shi kuwa zango ba ya gajiya, daƙiƙar da ba a more shi ba ta tafi ke nan. Baba, gaskiyarka, a nan kwatancen ya gurgunce, kuma ban da amsa.

Ga dai jimlar da na tura wa ɗiyar tawa ta gwada a kunnen editanta: "Hukumar NCC ta ba kamfanoni hayar wani yanki na gandun zangon ƙasa domin sadarwar 5G." Ta ce ya amince da "haya" nan take, "gandu" kuwa sai ya kwana da shi.