Wai ƙumba na share takin da ruwa ka kwasowa?

Ɗan Wurno: Salamu alaikum ƴan gida. Yau a aji an ce muna ƙumba, mai ɓawo biyu da ka tona rami cikin laka inda gulbi ka gamuwa da teku, tana rage naitirojin ɗin taki. Kenan yuriyar da mu ka zubawa albasa, gulbin Rima ya kai ta gulbin Neja, Neja ta kai Delta, ƙumbar ka share ta.

Baba Alu: Wace ƙumba kuma, ta yatsa? 😂 yaro abu kamar marfin kwalba shi za ya share buhun yuriya

Ɗan Wurno: Baba ba ita ka ci ba, ƙwayoyin bakteriya na. Lakar can iskar oksijin ba ta shiga sai ƴan milimita a sama, to ramin nata shi ka jawo ruwa mai iska har ƙasa, a bangon ramin wasu ƙwayoyi su mai da amoniya, wato abin da yuriya ka komawa, ta zama naitiret, wani nau'in naitirojin, dab da su inda babu iska wasu su mai da naitiret ɗin iskar naitirojin ta tashi sama, dama kashi 78 na iskar da mu ka shaƙa ita ta

Anti Luba: Ƙanena rabi ka faɗi. Ita kanta ƙumbar tana fitar da amoniya a matsayin fitsarinta, kuma bugun ruwan da ta ka yi yana koro wadda ke kwance cikin laka ta dawo ruwa, gansakuka ya samu abinci. In sun yi cunkoso kashinsu ya taru oksijin ya ƙare, sai aikin da kake yabo ya ja baya, naitiret ma ya kan koma amoniya

Ɗan Wurno: Amma Anti ai akwai wuraren da an ka auna an ka ga ragin

Anti Luba: Awo akwai, akwai kuma inda abin da su ka saki ya fi wanda an ka rage. Ya danganta da irin lakar da yawansu da naitiret ɗin ruwan. Ni dai kalmar "sharewa" ce ban yarda da ita ba

Malam Sani Kware: Ni abin da ya dame ni daban, yuriya kashi 46 naitirojin ta, da tsadar ga in watsa ta ruwa ya tafi da ita har ku yi musun wa za ya share 😭

Baba Alu: Turbuɗe ta cikin ƙasa Sani, tun bara ni ka gaya maka