Neman kalma: wane suna za mu ba wa badminton da abin da ake bugawa a cikinsa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina haɗa rubutu kan tarihin gasar badminton ta ƙasar Indiya, wadda aka fara a birnin Kalkata a 1934, shekarar da aka kafa hukumar wasan ta ƙasar. Kalmomi biyu ne suka hana ni sakat. Ta farko sunan wasan kansa, ta biyu abin nan mai gashin tsuntsu da ake bugawa, wanda Turawa ke kira shuttlecock. Sauran wasanni duk mun raɗa musu suna: ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon raga, ƙwallon tebur, ƙwallon gora, ƙwallon dawaki, har da zari-ruga. Wannan kuwa an bar shi da sunan da ya zo da shi, kowane mai karanta labarin wasanni da yadda yake lanƙwasa harshensa. Kuma rubutun da sunan wasa zai fito a kusan kowane layi ba ya jure kalmar da ba ta zauna a baki ba. A taimaka.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka wahalar da kanka da neman ma'anar kalmar, domin ba ta da wata ma'ana da ta shafi wasan. Badminton sunan wani katafaren gida ne na wani basarake a yankin Gloucestershire na Ingila. Wasan kuwa a Indiya ya kankama, a hannun hafsoshin sojan Birtaniya da ke zaune a garin Poona, wanda yanzu ake kira Pune. A can aka tsara masa dokoki wajen 1873, har da farko da sunan garin ake kiransa. Da suka koma gida da shi ne sunan gidan basaraken ya bi shi. To tunda babu abin fassarawa, sai mu bi hanyar da muka saba. Hausa tana duba abin da ya bambanta wasa da 'yan'uwansa ne ta liƙa masa: wannan da ƙafa, wannan da kwando, wannan a kan doki. Shi wannan da me aka san shi? Da gashin tsuntsu. Ni dai ƙwallon gashi nake gani.

Bakatsiniya: Baba Malam, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. A baki ƙwallon gashi lafiya lau ne, a rubuce ne matsalar take. Gashin kai, gashin nama da gashin tsuntsu duk rubutunsu ɗaya. Ranar da jarida ta buga "Indiya ta lashe kofin ƙwallon gashi", wallahi wani zai ɗauka gasar masu tsire aka yi. Me zai hana a ce ƙwallon fiffike?

Tsohon Malami: 'Yata, kin ba ni dariya, kuma maganarki tana kan hanya. Sai dai fiffike gaba ɗayan abin da tsuntsu ke tashi da shi ne, ba silin gashi ɗaya ba.

Bakatsiniya: Haka ne Baba, amma ai daga fiffiken ake tsige gashin. Kuma abin tashi yake yi.

Bazazzagi: Ni ina buga wasan, don haka bari in sa baki. Kafin a kai ga gashi ko fiffike, kalmar ƙwallo ce ke damuna, domin abin nan ba ƙwallo ba ne ko kaɗan. Duk wanda bai taɓa riƙe shi ba, ga yadda yake: ɗan kai ne mai taushi, rabin dunƙule, an lulluɓe shi da farar fata, aka soke gashin dinya ko na agwagwa guda 16 a kewayensa, aka ɗaure su da zare suka buɗe kamar bakin mazurari. Nauyinsa duka wajen giram 5 ne. Ba ya mirginawa, ba ya tsalle in ya faɗi ƙasa, in ma ya taɓa ƙasa an ci maki an gama. Kana dukansa zai wuntsila ya juya kansa gaba, ya fita a guje, sannan iska ta kama gashin ya rage gudu nan take ya sulmiyo ƙasa. Ɗan Indiyan nan Satwiksairaj Rankireddy ya taɓa dukan da aka auna gudunsa ya kai kilomita 565 a awa, a 2023, amma duk da haka da ƙyar abin ke wuce ƙarshen filin da tsawonsa mita 13.4 ne kacal. Wace ƙwallo ce ke yin haka? Mu a fili shatul muke cewa, abin dukan kuma raket, kowa ya gane.

'Yar Damagaram: Yaya Bazazzagi, ku ne kuka gane. Mu nan Nijar da Faransanci muka koye shi, volant ake cewa, wato mai tashi. In ka rubuta shatul, mai karatu a Damagaram ko Maraɗi bai san inda ka dosa ba. Shi ya sa nake goyon bayan a samo kalmar gida. Kuma ba mu kaɗai muka bi ta wajen tsuntsu ba. Larabawa kuratur risha suke cewa, ƙwallon gashin tsuntsu ke nan. Mutanen Sin ma haka sunan yake a harshensu. 'Yan Indunusiya, waɗanda wasan ya zame musu abin alfahari, bulu tangkis suke cewa, bulu ɗin shi ne gashin. Su kansu Indiyawan da ake maganarsu, masu jin Hindi, abin da ake bugawar ciriya suke kiransa a unguwa, wato 'yar tsuntsuwa. To ni shawarata a kira shi 'yar shila. Fara ce, ƙarama ce, tana tashi ta faɗo kusa.

Ɗan Masaƙa: Ina neman afuwa in kawo wata. Rabin farko na kalmar Turancin, shuttle, sunan ƙoshiyar saƙa ne, saboda yadda take kai da komo tsakanin zare. In ana son a bi asali, ƙoshiya ce kalmar.

Bakatsiniya: Malam, yaran yanzu in ka ce ƙoshiya, ta juya abinci za su kawo maka, in ma sun santa. 'Yar shila ta fi shiga kunne.

Tsohon Malami: Na karɓi 'yar shila hannu biyu, Allah ya yi miki albarka 'yar Damagaram. Amma Bazazzagi, a kan sunan wasan ba zan bar maka ba. Kalmar ƙwallo ba daga abin da ke tsalle ta faro ba. Ƙwallon mangwaro yana tsalle? Ƙwallon goruba fa? Wadda ake zari-ruga da ita ma ai ba kewayayyiya ba ce. A sunayen wasanni, ƙwallo ta riga ta zama duk abin da ɓangare biyu ke bugawa a tsakaninsu. In ka cire ta, mai sauraro ba zai san cewa wasan motsa jiki ake nufi ba.

Bazazzagi: Na ji, Baba. Abu ɗaya dai a kiyaye: a kudancin Indiya akwai wani wasa daban mai kama da wannan, da ake yi da ƙwallon ulu ruwan ɗorawa, mutum biyar-biyar, a fili a waje. Shi ma da sunan badminton a jikinsa. Ɗan Fagge, kada ka haɗa tarihinsu. Wannan ma ya sa na fi yarda da fiffike, domin ya raba su sarai.

Ɗan Fagge: Madalla. Bari in gwada kalmar a cikin aiki, a ji ko za ta ɗauki kaya:

"Vijay Madgavkar ne ya fara lashe gasar ƙwallon fiffike ta ƙasar Indiya a ɓangaren maza, a 1934. Bayan samun 'yancin kai, sunan da ya cika fili shi ne Nandu Natekar, wanda ya ci gasar sau 6, kuma a 1956 ya zama Ba'indiye na farko da ya ciwo kofi a ƙasar waje, a Malesiya. Daga 1971 sai gasar ta koma hannun mutum ɗaya. Prakash Padukone ya karɓe ta yana ɗan shekara 16, bai sake ta ba sai da ya jera sau 9. Shekara guda bayan na ƙarshen, a 1980, ya doke Liem Swie King na Indunusiya ya ɗauki kofin All England, wanda a lokacin babu kamarsa a duniyar ƙwallon fiffike. Wanda ya gaje shi a gida, Syed Modi, ya jera sau 8 daga 1980 zuwa 1987, kuma da alama zai kamo shi, sai aka harbe shi a bakin filin wasa a birnin Lucknow a watan Yulin 1988, yana fitowa daga atisaye."

Ni dai a kunnena ta zauna.

Bakatsiniya: Ta zauna daram. Kuma ka ƙara wa masu karatunka cewa Prakash ɗin nan shi ne mahaifin Deepika Padukone. Mutanenmu da kallon fim ɗin Indiya, wannan layin kaɗai zai sa su karanta sauran. Ita ma ta buga wasan tana yarinya kafin ta koma fim. Amma ina matan? Ko sai maza ne ke da tarihi?

Ɗan Fagge: Hajiya, suna nan tafe, a nan ne ma wata matsalar ta ɓullo. Meena Shah ta jera sau 7 daga 1959 zuwa 1965. Ami Ghia ta ci sau 7, Madhumita Bisht sau 8, Aparna Popat kuwa ta ci sau 9 tsakanin 1997 da 2006, ta yi kunnen doki da Padukone. To me zan kira su? Namiji in ya ci mu ce zakara. Mace fa? Ba dai kaza ba.

'Yar Damagaram: Ka kuskura ka rubuta kaza ka ga yadda za mu yi da kai. Gwarzuwa tana nan.

Tsohon Malami: Gwarzuwa yabo ce, ba matsayi ba. Mace tana iya zama gwarzuwa ko da ita ta zo ta biyu. Ka bi ta kambu, kamar yadda 'yan dambe da 'yan kokawa ke yi: ta ɗauki kambu, ta riƙe kambu, ta kare kambunta, an ƙwace mata kambu. Ba ruwansa da mace ko namiji. Rukunan gasar kuma ba sa buƙatar dogon tunani: ɗai-ɗai na maza, ɗai-ɗai na mata, bibbiyu na maza, bibbiyu na mata, sai bibbiyu na haɗaka, mace da namiji a gefe guda.

Bazazzagi: Tunda an zo kan kambu, akwai abin da nake so rubutun ya fito da shi, don kada mai karatu ya ruɗe. Zai ga mutanen da can suna jera 7, 8, 9, sannan ya zo kan Saina Nehwal da P. V. Sindhu, waɗanda duniya ta fi sani, ya ga nasu bai kai haka ba, ya ɗauka ba su kai na da ba. Ba haka abin yake ba. A zamanin Natekar da Modi, kambun ƙasa shi ne babban abin da ɗan wasa ke fuskanta a shekara, fita waje sai jefi-jefi. Pullela Gopichand, wanda ya jera sau 5 daga 1996 zuwa 2000 sannan ya ci All England a 2001, kusan shi ne na ƙarshen masu irin wannan jeri a maza. Makarantar da ya buɗe a Hyderabad ce ta rainar da 'yan wasan da suka koma yawon gasannin duniya shekara sukutum, inda maki da kuɗi suke, sai gasar gida ta riƙa rasa manyanta. Saina ta ciwo tagulla a Olamfik ta Landan a 2012, Sindhu ta ciwo azurfa a Rio a 2016, ta kuma ɗauki kambun duniya a 2019. Shi ya sa gasar Nagpur ta 2017 ta yi armashi, don a ranar manyan sun dawo gida: Saina ta doke Sindhu a wasan ƙarshe, H. S. Prannoy ya doke Kidambi Srikanth. A Guwahati a 2019 matan biyu suka sake haɗuwa, Saina ta sake yin nasara. A ganina raguwar darajar gasar gida alamar ƙarfi ce, tunda mazan da ba su cika zuwanta ba su ne suka doke Indunusiya 3 da nema suka ɗauki kofin Thomas, wato kofin duniya na tawagar maza, a Bankok a 2022.

Bakatsiniya: A nan kam ban bi ka duka ba. In manya ba sa zuwa, a ina yarinyar da ke tasowa za ta gwada ƙwanjinta da su? Anmol Kharb ta ɗauki kambun a 2023 tana 'yar shekara 16, abin a yaba ne, amma da Sindhu ta tarar a wasan ƙarshe da labarin ya fi haka nauyi.

Ɗan Fagge: Wannan muhawarar zan sa ta a rubutun, ɓangarorin biyu duka. Abin da na ɗauka: wasan ƙwallon fiffike, abin bugawar 'yar shila, wanda ya ci kuma mai riƙe da kambu. A farkon ambato zan sa sunan badminton a gefe sau ɗaya don a gane, daga nan in sake shi. Saura abin dukan. Raket zan bari, ko mabugi?

'Yar Damagaram: Bar shi raket. Wannan kam mu da ku duka haka muke kiransa.