Abin da na tsinta daga hirarmu kan gashin furoton ga yara masu ƙari a ƙwaƙwalwa

To ga abin da aka fi nanatawa. Gashin furoton, wato wani nau'in gashin da ake yi wa ƙari da na'ura a asibiti, yana sauke ƙarfinsa ne a kan ƙarin ya tsaya, shi yasa yake raga wa lafiyayyen nama fiye da gashin da aka saba, amma fa ba wai babu haɗari ba, wani lokaci naman da ke kusa yakan lalace, musamman tushen ƙwaƙwalwa idan ƙarin a ƙeya yake, kuma ƙananan yara sun fi shiga haɗarin. Yawanci sai bayan wasu watanni da gama gashin wannan lahanin yake bayyana.

Don Allah iyaye a sa ido: tangaɗi wajen tafiya, sarƙewa in yaro yana haɗiya, gani biyu-biyu, raunin ɓari ɗaya, amai da ciwon kai, farfaɗiya. In an ga haka a kira likita ranar, kar a jira ranar kilinik.

Abin da ya fi taɓa ni, tabon da gashin ya bari a hoton ƙwaƙwalwa na MRI yana kama da ƙarin ya dawo, hankali ya tashi, alhali wani da kansa yake lafawa. Ana ba da maganin deksametason don kumburi, wasu kuma a ba su wani maganin, bebasizumab. Kar a yanke deksametason farat ɗaya, a hankali likita ke rage shi.