Fim ɗin Bayajidda ba magana: wane kiɗa zan ɗora masa?

Malamin Dirama, Daura:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana kiɗa. Ni da ɗalibaina mun daɗe muna yin wasan Bayajidda a dandamali, yanzu kuma mun ɗauke shi a gajeren fim wanda ba a furta ko kalma ɗaya, irin na Turawa kafin 1927 da fim mai magana ya fara yaɗuwa. Fim ɗin Otelo (wasan Shakespeare) na Jamus na 1922 ne ya ba ni sha'awar haka. A dandamali makircin Iyago, mugun wasan, duk a bakinsa yake, amma a fim ɗin sai dai ka karanto shi a idon Werner Krauss, wanda ya fito a Iyago, da ɗan rubutun da ake saƙawa tsakanin hotuna.

Namu ma haka ya kasance. A dandamali, inda tsohuwa Ayana ke gaya wa baƙo ba a ɗiban ruwa sai Juma'a, 'yan kallo har riga ta faɗa suke yi. A fim kuwa muka matso da kyamara kan hannunta tana kife tulu, ko ɗigo bai faɗo ba. Wallahi wannan ya fi taɓa ni. Amma da muka ɗora kiɗan fiyano, sai bakin rijiyar Kusugu ya koma wurin biki. Me zan sa?

Baba Mai Kalangu, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. Kayan kiɗanmu kowanne da gidansa, kar ka haɗa su barkatai. Kakaki da tambari na sarauta ne, ka ɓoye su sai Daurama ta fito, mutane za su san wacece ba sai an rubuta ba. Inda Bayajidda ya tsaya Gaya aka ƙera masa wuƙa, dundufa za ka sa, ita ce ta maƙera. Wurin kashe macijin kuma garaya, kiɗan mafarauta, ko da yake wasu da sun ji ta sai su tuna bori, ka san jama'arka.

Kalangu sana'ata ce, amma ban ba ka shawararsa wajen Ayana ba. Kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar muryar Bahaushe. Mai kunne zai tsinci kalmomi a ciki, ka ga ke nan ka dawo da maganar da ka sha wahalar cirewa.

Hajiya ta Kofar Sauri:
Malam, me ya sa dole sai ka manne kiɗan a jikin fim ɗin? Su Turawan, a wancan zamani, a zauren kallo ake kaɗa musu, mai fiyano ko tawagar makaɗa na zaune gaban allo suna bin hoton. A nan ma mahaifina ya sha ba mu labarin majigi, motar gwamnati ta kafa farin ƙyalle a fili, wani yana fassara da Hausa ta lasifika. Ka zaunar da makaɗanka gefen allo, sai ka sami wannan amsa-amo na dandamali da ka rasa. Kuma lokacin da Bayajidda yake zura guga, a dakata da kiɗan gaba ɗaya. Tsoro ba ya son rakiya.

Ɗan Mashi:
Gafarta Malam, ni dai na dandamalin nake so. Kirarin da Bayajidda ke yi bayan ya sare kan macijin, wace garaya ce za ta maye gurbinsa?

Malamin Dirama, Daura:
Ɗan Mashi, babu, kuma rashin kirarin nan yana ci mini rai. Shi ya sa na bar kyamara a kan takalmin da ya bari a bakin rijiya. Baba da Hajiya, Allah ya saka da alheri, za mu gwada da makaɗa a gefen allo. Mai dundufa muna da shi. Kakaki kam sai mun nemi izini a fada. Wanda ya san mai garaya da zai iya bin hoto yana sassautawa, don Allah ya yi mini magana.