Wace taya ce za ta rage ƙara da jijjiga a Mini Cooper S, ta kuma jure hunturun Ohio?

Ɗan Zazzau a Ohio

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar taya, musamman mazauna ƙasashen da ake zubar dusar ƙanƙara. Motata Mini Cooper S ce ƙirar 2017, girman tayarta 205/45R17, kuma tayoyin da ke kanta ranfilat ne, wato waɗanda ake iya ci gaba da tafiya a kansu ko da ƙusa ta huda su iska ta fita. Yanzu sun suɗe, kuma dole in canza su kafin sanyi ya kankama.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙara da jijjiga. A Columbus nake, a jihar Ohio ta Amurka, ina bin babbar hanyar I-270 zuwa wurin aiki, kuma da zarar na wuce mil 60 a awa sai gurnanin taya ya cika motar, sannan duk wani ɗan rami ko mahaɗar gada sai na ji shi har cikin ƙashin bayana. Maiɗakina tana fama da ciwon baya, ta kai ga ba ta son shiga motar idan tafiyar mai nisa ce, wannan kuwa yana damuna ƙwarai. Ba ni da wurin ajiye tayoyi kashi biyu, na zafi da na sanyi, saboda haka tayoyin kowane yanayi nake so. Ba na tsere, amma ba na son motar ta rasa kaifin sitiyarin da ya sa na saye ta. Wacce kuke ganin ta dace?

Injiniya a Minnesota

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga sunan kamfani, a ganina rabin matsalarka daga ranfilat ɗin take. Ana ƙara wa gefen irin wannan taya roba mai kauri da tauri domin ya ɗauki nauyin mota bayan iska ta fita, yawanci har kimanin mil 50 bisa gudun da bai wuce mil 50 a awa ba. To wannan taurin ba ranar faci kaɗai yake aiki ba, kullum yana nan, kuma a gajeriyar mota mai taurin ƙafa kamar Mini, duk dukan da gefen taya bai shanye ba jikin mota da na fasinja yake isa. Idan ka koma taya ta gama-gari, ko da girman bai canza ba, za ka ji bambanci tun daga ramin farko.

Abu na biyu shi ne tsawon gefen taya. A 205/45R17, faɗin taya milimita 205 ne, gefenta kuwa kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 92. Ana fitar da Cooper S da rim mai inci 16 da taya 195/55R16 ma, wadda gefenta ya kai kusan milimita 107. Tsawon tayoyin biyu gaba ɗaya bai bambanta da ko kashi 1 cikin ɗari ba, don haka agogon gudu ba zai ruɗe ba, amma ka samu ƙarin milimita 15 na roba da iska tsakanin rim da titi. A garuruwanmu na nan, inda ruwa ke daskarewa a tsagar kwalta ya narke ya sake daskarewa har titi ya farfashe, wannan ƙarin yana kare rim daga lanƙwasa.

Game da irin taya, aji biyu ne a gabanka. Akwai na masu son riƙon hanya, kamar Michelin Pilot Sport All Season 4 da Continental ExtremeContact DWS06 Plus, akwai kuma na doguwar tafiya da aka ƙera don shiru da laushi, kamar Bridgestone Turanza QuietTrack da Continental PureContact LS. Na biyun sun fi shiru da daɗewa, sai dai sitiyari yakan ɗan yi jinkirin amsawa a kwana. Tun da lafiyar iyali ce a gaba, ni da na ɗauki rim 16 da taya daga aji na biyu, matuƙar akwai girman motarka a ciki.

Hajiya ta Hamburg

Ƙanena, Allah ya ba maiɗakinka lafiya. Ina son in ja hankalinka ga abin da ya fi shiru muhimmanci, wato tsayawar mota idan an taka birki a kan dusar ƙanƙara. Yawancin tayoyin da ake sayarwa a Amurka da sunan na kowane yanayi alamar M+S, wato taɓo da dusa, kawai suke ɗauke da ita, wadda siffar zanen taya ce ke ba da ita, ba gwaji a kan dusa ba. Alamar da ake bayarwa bayan gwaji ita ce hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusa a tsakiyarsa. A nan Jamus, tun daga watan Oktoban 2024, doka ba ta ƙirga taya a matsayin ta hunturu sai tana da wannan hoton.

Ni Michelin CrossClimate 2 ce a kan ƙaramar motata, tana da alamar, kuma ban same ta da hayaniya ba. Zanenta mai siffar V ne, fuska ɗaya take juyawa, saboda haka idan za a sauya wa tayoyin wuri, gaba da baya kawai ake musanyawa a ɓangare guda. Idan ka ci karo da takardar tantance taya ta Tarayyar Turai a intanet, ka lura cewa lambar ƙarar da ke jikinta ana auna ta ne daga bakin hanya lokacin da mota ke wucewa, ba daga kujerar direba ba. Gara ka nemi gwaje-gwajen da aka yi daga cikin mota, irin waɗanda kamfanin sayar da taya Tire Rack da mujallar gwajin kayayyaki Consumer Reports suke wallafawa a can wajenku.

Bakanike a Baltimore

Ina girmama ra'ayin Injiniya, amma ban goyi bayan sayen sabon rim ba tukuna. Rim huɗu kuɗi ne, ga na'urorin auna iska da ke cikin kowace taya, waɗanda sai an ƙaura da su ko an sayi sababbi an haɗa su da kwamfutar mota. A fara cire ranfilat a kan rim 17 ɗin, idan maiɗakinka ta shiga ta ce har yanzu da saura, sai a yi maganar 16.

Kafin ka biya ko sisi, Malam, ka tabbatar taya ce ke kukan. Ka tsugunna a tayar baya, ka shafa tafin hannunka a kan zanen ta gefen ciki, ka ja gaba, ka dawo baya. Idan ta fuska ɗaya sumul ne, ta ɗayar kuma yana kama hannu kamar haƙoran zarto, tayar ta ci ba daidai ba, kuma wannan kaɗai yana kawo gurnani mai ƙarfi. Sanadinsa yawanci saitin ƙafa ne da ya goce, ko shokozoba da ta gaji, ko rashin sauya wa tayoyi wuri, domin Mini da ƙafafun gaba take ja, na bayan kuwa bi kawai suke yi. Idan ka saka sababbi ba ka gyara saitin ba, su ma haka za su ƙare. Sannan a hanya mai sarari ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama kana tafiya. Idan ƙarar tana ƙaruwa a ɓangare ɗaya tana raguwa a ɗayan, boris ɗin ƙafa ne ya mutu, kuma babu tayar da za ta yi maganinsa.

A zaɓi kuwa, DWS06 Plus nake gani ta dace da kai, domin akwai ta a girman 205/45R17, gefenta ya fi na yawancin 'yan ajinta laushi, kuma sitiyarin ba zai mutu ba. An zana haruffan D da W da S a jikin zanenta, wato busasshen titi da jiƙaƙƙen titi da dusa, kuma idan S ta goge, alama ce cewa ta daina amfani a dusa, idan W ta bi ta, sai a yi hattara da ruwa. Ka canza duka huɗun lokaci guda, kada ka gauraya ranfilat da ta gama-gari. Kada lambar nauyi da harafin gudu su gaza abin da aka rubuta a takardar jikin ƙofar direba, kuma awon iskar da ke takardar nan za ka bi, ba wanda ke jikin taya ba, domin shi iyaka ne. Ka duba lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen taya, su ne mako da shekarar ƙira, misali 1524 mako na 15 ne a 2024.

Ɗan Zazzau a Ohio

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na shafa tayoyin baya kamar yadda Bakanike ya ce, kuma lallai gefen ciki yana kama hannu, karkata sitiyari kuwa bai canza ƙarar ba. Zan sa a gyara saitin ƙafa ranar da za a ɗaura sababbin. Hajiya, na yi nazarin maganarki sosai. Hanyar da nake bi ana share ta ana zuba gishiri da wuri, kuma ranar da dusa ta yi yawa ina iya aiki daga gida, don haka na karkata ga DWS06 Plus a kan rim 17. Saura abu ɗaya da ke tsaye mini a rai: motar ba ta da safaya. Idan taya ta fashe da dare ina tare da iyali, mene ne mafita?

Injiniya a Minnesota

Tambayar tana kan hanya, domin wannan shi ne farashin barin ranfilat. Ka sayi ƙaramin famfon iska mai aiki da wutar mota da kwalbar ruwan toshe huda, ka ajiye su a but. Ruwan yana toshe ƙaramar huda a fuskar taya, wadda ba ta wuce kusan milimita 6 ba, amma ba ya amfani idan rami ya tsaga gefen taya, a nan sai motar janwe. Saboda haka ka kira kamfanin inshorarka ka tabbatar akwai taimakon kan hanya a yarjejeniyarku, ka kuma tambayi nisan da suke jan mota kyauta. Kwalbar tana da ranar lalacewa a jikinta, ka riƙa dubawa, kuma duk ranar da ka yi amfani da ita ka sanar da mai faci kafin ya buɗe tayar, domin ya wanke rim da na'urar auna iska.